Sandar Jifan Ƙaton Kifin Yaudara: Wacce Ce Taka?

Kafin ka taɓa sandar kamun kifi ko ɗaya, ɗauko sikeli. Ɗora kifin yaudarar da kake son jifa da shi, haɗe da ƙugiyoyinsa da zobbansa da duk wata dalmar da ka liƙa masa, ka rubuta abin da sikelin ya nuna. Wannan lambar ce za ta zaɓa maka sanda. Yawancin masu sayen da-na-sani a nan suka kauce hanya: sun sayi sanda don ƙaton kifin da suke mafarkin kamawa, suka manta cewa shi wannan kifin sau ɗaya zai ja sandar a wuni, in ma an yi sa'a. Kifin yaudara kuwa sau ɗaruruwa za ta ɗaga shi ta wurga kafin rana ta faɗi.

Abin da ake magana a kai shi ne suwimbet, kifin bogi da ake sassaƙawa da katako ko a zuba da roba, mai tauri ko mai laushi, ya yi kama da kifin gaske har a salon iyo. Harkar ta yi ƙarfi ne a kudancin Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1980 da 1990, a madatsun ruwa irin su Castaic da Casitas, inda ake zuba kifin turawut, manyan kifayen bas kuma suna ƙiba da shi. Masunta suka ga tunda turawut ne abincin ƙaton bas, to a miƙa masa abin da ya yi kama da turawut. AC Plug na Allan Cole yana cikin na farko-farko. Japan ta karɓa ta ƙawata, musamman a tafkin Biwa. Masu bin kifin fayik a Turai, da maski a Arewacin Amurka, da kod na kogin Murray a Ostiraliya, kowa ya ja nasa.

Da oza ake rubuta nauyi a jikin yawancin sandunan nan. Oza ɗaya giram 28 ce da ɗoriya, oza 16 kuma laba guda, wato giram 454. Don ka ga faɗin abin: Jointed Claw 178 na kamfanin Gan Craft kusan oza 2 ne. Huddleston mai inci 8 ya ɗan haura oza 4. Slide Swimmer 250 na Deps ya wuce oza 6 kaɗan. Mother na Roman Made, mai tsawon santimita 30, yana wajen giram 300, sama da oza 10 ke nan. Manyan robobin maski irin su Pounder kuwa sun kusa laba guda cur. Duka ana kiran su manya, amma sandar da za ta ji daɗin na farkon, na ƙarshen zai karya ta ɓas.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

*Lambar da ke jikin sanda.* Kowace sanda tana ɗauke da iyakar nauyi, misali oza 1 zuwa 5, ko 2 zuwa 8, da kuma haruffa irin su H, XH ko XXH masu nuna ƙarfi. Babu wata ƙa'ida ɗaya da ta ɗaure kamfanoni kan yadda za su auna wannan. XH ɗin wannan kamfani yana iya zama H a wurin wancan. Lambar sama kuma yawanci tana nufin abin da sandar za ta iya lilo da shi a hankali ba tare da ta karye ba, ba abin da za ka wuni kana wurgawa da ƙarfinka ba. Ni dai abin da nake bi shi ne kifin yaudarana ya faɗo tsakiyar lambobin. In an rubuta 2 zuwa 8, daɗinta yana tsakanin 3 da 6.

Na koyi wannan ne da asara. Na taɓa rataya kifi mai oza 4 a sandar da iyakarta oza 2, da zare kitsattse, ina cewa ai jifa kaɗan ne. Da na kai ta baya sai tsinin ya durƙusa ya ƙi dawowa da wuri. Kifin ya fita a makare, kwarkwaron injin naɗe zare ya riga zaren gudu, zaren ya cukurkuɗe ya tsaya cak. Ƙara ɗaya na ji, kamar ta bulala. Ban taɓa yin jifa mai nisan wannan ba, sai dai babu zare a bayansa. Ina tsaye ina kallo ya faɗa tsundum can tsakiya, kuma mai nutsewa ne. Sandar ba ta karye ba, amma kuɗin abin da ya tafi ya kusa rabin kuɗin sandar da ya kamata in saya tun farko.

Wuce gona da iri ma matsala ce. Sandar da ta fi ƙarfin kifin ba ta lanƙwasawa, in kuwa ba ta lanƙwasa ba, ba za ta taya ka jifa ba. Kamar ka ɗaura zare a taɓarya ne. Kafaɗarka da gwiwar hannunka su za su yi aikin duka, zuwa azahar jiki zai faɗa maka.

Akwai gwaji mai sauƙi in ka samu dama. Zura zare ta zobban da ke jere a jikin sandar, ka rataya kifin ya sauko kamar ƙafa uku daga tsini, ka riƙe sandar a kwance. In sulusin sama ya rusuna, sauran ya tsaya, sun dace. In ta durƙusa har tsakiya tun ba a yi jifa ba, ta yi ƙanƙanta. In ko gezau ba ta yi ba, ta yi yawa.

*Inda take lanƙwasawa.* Wannan dabam yake da ƙarfi, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa. Sanduna biyu suna iya ɗaukar nauyi ɗaya, amma ɗaya a kai kawai take lanƙwasawa, ɗayar kuma sai ta yi baka har tsakiya. Irin ƙugiyar da ke jikin kifinka ce ke raba gardama a nan, zan dawo kanta a ƙasa.

*Tsawo da ƙota.* Yawancin sandunan suwimbet suna tsakanin ƙafa 7 da inci 9 da ƙafa 8, wato mita 2.36 zuwa 2.44. Akwai tarihi a ciki: ƙungiyar gasar kamun bas ta Amurka, B.A.S.S., ta daɗe da dokar hana sanda wuce ƙafa 8, sai a 2017 ta ɗaga zuwa ƙafa 10. Shi ya sa za ka yi ta ganin ƙafa 7 da inci 11 kamar an haɗa baki. Tsawo yana ƙara nisan jifa, amma yana ƙara wa nauyin da ke tsini galaba a kan wuyan hannunka.

Ƙota kuwa, wato daga mazaunin inji zuwa gindi, mutane ba su cika duba ta ba, alhali ita ce sirrin jifan kaya mai nauyi. Da hannu biyu ake yi: na sama yana turawa, na ƙasa yana ja. Ƙota mai santimita 40 zuwa 50 tana ba hannun ƙasa wurin aiki, kuma tana shiga hammata lokacin naɗi. Riƙe sandar a mazaunin inji ka kwantar da ita a damtsenka; in gindin bai wuce gwiwar hannu sosai ba, ba ta manyan kaya ba ce.

*Abin da aka yi ta da shi.* Kabon ba shi da nauyi, yana da tauri, kuma yana isar da motsi zuwa hannu. Ana rubuta darajarsa da tan, kamar 24, 30 ko 40. In lambar ta hau, taurinsa ya ƙaru, ana iya yin bangon sandar siriri, amma kuma ya fi saurin tsagewa in ya bugu. Faiba, wato haɗin zaren gilashi, tana da nauyi da sanyin jiki, sai dai tana shan wuya ba ta gaji ba. Akwai masu haɗa biyun. A wannan aiki ba na biyan kuɗi don kabon mafi tsada. Cizon da kifi ke yi wa abu mai oza 6 ba ya buƙatar sanda mai kunne. Ko da safar hannu za ka ji shi.

*Zobba da mazaunin inji.* Ka nemi zobba masu ƙafa biyu, aƙalla a rabin ƙasa, masu faɗin da ƙullin zare mai kauri zai wuce ba tangarɗa. Ƙananan zobban da ake yayi a sandunan ƙananan kaya ba su da wuri a nan. Na kamfanin Fuji, masu idon Alconite ko SiC, sun daɗe ana gwada su. Mazauni kuma ya karɓi ƙafar inji mai lamba 300 ko 400, irin su Tranx na Shimano ko Lexa na Daiwa, ya matse ta ɗam. Je da injinka ka ɗaura. Inji irin wannan giram 300 ne ko fiye, kuma sandar da ka ji kanta ya rinjaya a hannu tana iya daidaita da an ɗora shi.

Sai kuɗi, da garanti, da yadda za ka riƙa ɗaukar ta. Sanda guda mai ƙafa 8 ba kowace mota take shiga ba.

Ta farko: sandar da take hannunka

Wato sandar nan mai ƙarfi da ake zaro bas daga cikin ciyawa da ita, ƙafa 7 da rabi ko kusa, wadda iyakarta oza 1.5 ko 2. Kuɗinta an riga an biya, wannan ce babbar falalarta. Za ta yi da kifi mai oza 1 zuwa 2, in ana lilo a hankali. Daga nan sai matsala: ƙotar gajera ce, tsinin siriri ne, kuma an yi ta ne don tsinke ƙugiya ɗaya a kusa, ba don ɗaukar kaya a baya ba. Haɗarinta biyu ne, karyewa a sulusin sama da kuma irin abin da ya same ni. Garanti ma yawanci ba ya biyan sandar da aka ɗora wa abin da ya wuce lambarta. In kana son ka ɗanɗana harkar ne kafin ka zuba kuɗi, ta isa. In ka wuce oza 3, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Ta biyu da ta uku: sandunan suwimbet na ainihi

Nan ne mafi yawan masu karanta wannan za su tsaya, kuma nan ne zaɓin yake da wuya, don a ido iri ɗaya ne. Tsawo ɗaya, ƙota ɗaya, lamba ɗaya. Ko a kamfani guda za ka tarar da matakai: Dobyns yana da 795 mai ƙafa 7 da inci 9 don oza 1 zuwa 5, da 806 mai ƙafa 8 don oza 2 zuwa 8. Bambancin da ya fi lamba muhimmanci shi ne lanƙwasa.

Ɗauki kifin roba mai laushi, mai ƙugiya ɗaya kakkaura a gadon baya. Babban kifi in ya kama shi, haɗiye shi yake ya datse baki a kan robar. Kafin ƙugiyar ta shiga, dole sai ka janye robar nan ta zame a tsakanin muƙamuƙansa, sannan ƙarfe mai kauri ya huda wuri mai tauri, watakila kuma daga nisan mita 40, da zare mai miƙewa a tsakani. Sanda mai laushi za ta shanye duk ƙarfin da ka sa, kifin ya buɗe baki ya tofar, ka naɗo roba da shaidar haƙori kawai. Wannan aiki na sandar kabon ce mai lanƙwasa a kai, wadda daga sulusin sama zuwa gindi take ƙiƙam. Ita ce ta biyu.

Yanzu ɗauki kifin katako ko na roba mai tauri, mai gaɓa ɗaya ko biyu, da ƙugiyoyi masu baki uku suna reto a ciki. Shigar ƙugiya ba wuya a nan, don bakunan sirara ne, sau da yawa kifin da kansa yake soke kansa. Wuyar tana wajen riƙewa. Ƙugiyar a leɓe take ko a gefen fuska, ga kuma gungumen abu mai oza 6 yana lilo a waje. Kifin ya taso ya girgiza kai, wannan nauyin ya zama guduma mai fizge ƙugiya. In zare ya saki na ƙiftawar ido, shi ke nan. Sandar da ta yi baka har tsakiya tana bin kowace girgiza, tana ja tana saki ba tare da zaren ya yi sako-sako ba, kuma ba ta yage fatar da ƙugiya ta kama. Ita ce ta uku, ko dai ta kabon da aka sassauta, ko haɗin kabon da faiba.

Wajen jifa ma ta ukun ta fi daɗi, kuma a ganina ba a cika faɗin wannan ba. Tana ɗaukar nauyin a hankali ta sake shi a hankali, kwarkwaro ya fara juyawa ba da fizga ba, cukurkuɗewa ta ragu. Mai lanƙwasa a kai tana son hannu gwani: ka yi gaggawar ɗage yatsa daga kan kwarkwaro ko ka makara kaɗan, ka ga sakamako nan take. Ga sabon shiga, wannan kaɗai ya isa dalili.

A kuɗi ba su da wani bambanci. Kowacce akwai mai araha, akwai wadda ta ninka ta sau uku ko huɗu. Abin da ƙarin kuɗin ke sayo maka shi ne raguwar nauyi, da daidaito a hannu, da zobba masu kyau, da garanti mai tsawo. Ba ya sayo ƙarin kifi. A ƙarko, mai haɗin faiba ta fi jure bugu da gefen jirgi. Ta kabon zalla kuwa ɗan ƙwarzanen da ƙugiya ko dalma ta yi mata yau, shi ne inda za ta karye bayan wata biyu, mai ita ya yi ta rantsuwa haka kawai ta karye. Kada ka rataya ƙaton kifin katako a jikin sanda yana dukan ta a hanya. Cire shi, ko ka sa masa riga.

Akwai wani reshe na ta uku da ya cancanci a ambata, salon Japan. Da yawa daga sandunansu gajeru ne, ƙafa 6 da rabi zuwa 7 da rabi, ƙotar ma ba ta kai ta Amurka ba. Dalili shi ne yadda suke wasa da kifin: tsini a ƙasa, ana ɗan fizga ana tsayawa, kifin yana sheƙa hagu da dama. Da sanda mai ƙafa 8 tsinin zai riƙa dukan ruwa, ƙotar kuma ta riƙa kama riga. An sadaukar da ɗan nisa an sami iko. Yawancinsu ƙotar tana cirewa, don haka ɗauka ta fi sauƙi. Sukan yi tsada, kuma in ta karye a ƙasar da kamfanin ba shi da wakili, gyara sai an sha jira.

Ta huɗu: sandar maski da manyan fayik

Ƙafa 8 da rabi zuwa 9 da rabi, wasu lambarsu ta kai oza 16 ko ta wuce. Masu kamun maski sun daɗe suna wurga kaya masu nauyin da mai kamun bas zai yi mamaki, saboda haka kamfanoni irin su St. Croix sun ƙware a wannan mataki, kuma akwai zaɓi da yawa a matsakaicin kuɗi. In kifinka ya haura oza 10, sau da yawa nan za ka fi samun abin da zai ɗauke shi ba tare da ka biya kuɗin sanda ta musamman ba. Tsawon nata an yi shi ne har da wata dabara tasu, ta zagaya kifin yaudara a gefen jirgi kamar ana rubuta lamba 8 a ruwa, don maski yakan biyo har ƙarƙashin ƙafa.

Ƙarko kam ba a magana. Matsalar ita ce an gina ta don kifi mai baki kamar ƙashi da zare mai laba 80 zuwa 100, wato nauyin da yake jurewa kafin ya tsinke. Bas mai kilo uku ba zai lanƙwasa ta yadda ya kamata ba, ƙugiya mai baki uku sai ta yage. Tana da nauyi, tana son babban inji, kuma daga gaɓa mai itatuwa ko cikin ƙaramin kwale-kwale tsawonta wahala ne. Wasu gindinsu yana shigewa ciki don a rage tsawo a hanya.

Ta biyar: aron sandar teku

Akan jarabtu da wannan, don lambar tana burgewa. Iri biyu ne. Doguwar sandar bakin teku mai ƙafa 10 zuwa 13 an rubuta mata oza 4 zuwa 8 ko fiye, amma dunƙulen dalma ake nufi, wanda za a jefa a kafe sandar a jira. Ba a yi ta don a riƙe a hannu ana naɗi wuni guda ba. Ɗayar ita ce ta manyan kifayen teku masu kai hari a saman ruwa, ƙafa 8 ko kusa, mai ɗaukar giram 100 zuwa 200 ba ta ko nishi. Wannan sanda ce ta gaske, amma da inji mai rataya a ƙasa take aiki, kuma a irin wannan inji yatsanka ne ke riƙe zare lokacin jifa. Zare kitsattse da giram 200 a ƙarshensa yana yanka fata kamar reza in ba ka sa kariya ba. Ga tsada, ga nauyin inji. In a teku kake, kana bin kifi mai gudu da zare, ita ce daidai. A ruwan daɗi kuwa an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ta shida: a ɗinka maka

Akwai masu sana'ar haɗa sanda: ka zaɓi gangar jiki, su yanka ƙota daidai damtsenka, su jera zobba. Da yawansu suna karkata zobban daga sama su zagayo ƙasa, don nauyi ya daina murɗa sandar a hannu. Tsada, jira, kuma in ba ta yi maka ba, sayar da ita wuya ne. Ba ta mai sanda ta farko ba ce, don bai san abin da zai ce a yi masa ba tukuna.

| Sanda | Nauyin da ya dace | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ta hannunka | oza 1–2 | babu ƙari | rauni in an ɗora kaya | da sauƙi a ƙananan kaya | karyewa, tsinkewar zare |
| Suwimbet mai lanƙwasa a kai | oza 2–8, gwargwadon lamba | araha zuwa tsada | mai kyau, ba ta son bugu | tana son gwaninta | fizge ƙugiya mai baki uku |
| Suwimbet mai baka zuwa tsakiya | oza 2–8, gwargwadon lamba | araha zuwa tsada | mai kyau sosai | mafi sauƙin jifa | ƙugiya ɗaya ta ƙi shiga daga nesa |
| Gajera, salon Japan | ya danganta da samfuri | tsada | mai kyau | daɗin wasa da kifi | nisa ya ragu, wuyar gyara |
| Ta maski | oza 8–16 | matsakaici zuwa tsada | mafi ƙarko | gajiya | ta fi ƙarfin ƙananan kifi |
| Ta teku | giram 100–200 | tsada | mai kyau sosai | nauyi | yankan yatsa, gajiya |
| Ɗinkakkiya | yadda ka nema | mafi tsada | ya danganta da mai haɗi | daidai jikinka | kuskuren zaɓi ba ya gyaruwa |

Duk wadda ka ɗauka, abu biyu ne ke kashe sandunan nan fiye da kifi. Na farko, fizgar wuyan hannu irin ta jifan ƙananan kaya. Ƙaton kifi lilo ake yi da shi: saki zare ƙafa uku ko huɗu, kai shi baya a hankali har ka ji nauyinsa ya zauna a sandar, sannan ka kawo shi gaba da jiki duka ba tare da tsayawa a tsakani ba. Ka waiwaya kafin kowane jifa, don giram 300 da bakunan ƙugiya shida ko tara ba abin wasa ba ne a kan mutum. Na biyu, miƙe sanda sama cak lokacin da kifi ya zo kusa, ko ɗago shi da ita zuwa cikin jirgi. A wannan tsayuwar duk nauyin a siririn tsini yake taruwa. Sa koma ko hannu.

Wa ya dace da wacce

In gwaji kake, kuma kifinka bai wuce oza 2 ba, riƙe kuɗinka ka yi da ta hannunka, da zaren nailan mai laba 20, don miƙewarsa tana yafe kuskure.

In robobi masu ƙugiya ɗaya ne akwatinka, kana jan su a hankali a ƙasan ruwa mai zurfi, ɗauki ta biyu, ƙafa 8, wadda lambarta ta sa mafi nauyin robarka a tsakiya.

In na katako ne masu gaɓa da ƙugiya mai baki uku, ta uku. Kana jifa daga gaɓa kana neman nisa, ɗauki doguwa mai doguwar ƙota. Kana cikin jirgi ko kwale-kwale kana wasa da tsini, gajerar ta fi, musamman in a zaune kake da rigar ceto a jiki.

In sikelin ya nuna oza 10 ko fiye, ko kuma fayik da maski kake bi, tafi wajen ta huɗu kai tsaye, ka haɗa ta da inji mai lamba 400. Ta teku kuma ka bar wa teku.

Sai mutumin da ya fi kowa yawa: yana da robobi, yana da na katako, nauyinsu daga oza 3 zuwa 6, kuɗin sanda ɗaya gare shi. Shi zan ce ya nemi mai ƙafa 8, oza 2 zuwa 8, wadda lanƙwasarta ta wuce kai amma ba ta kai tsakiya sosai ba, daga cikin masu matsakaicin kuɗi, ragowar ya sa a inji mai kyau. Abin da sandar ta gaza, zare zai cike. Ranar robobi ya ɗaura kitsattse mai laba 65 ko 80 da guntun fulorokabon, wani zare garai-garai mai kama da nailan, a gaba, don ba ya miƙewa, ƙugiya za ta shiga ko daga nesa. Ranar na katako ya koma nailan mai laba 20 ko 25, ya ɗan sassauta birkin inji, ya kuma sake ƙulli bayan kowace sa'a ɗaya ko biyu ta jifa, don a bakin ƙullin nan zare yake fara gajiya.